Sandar Makiyayi a Ahiara: Tsakanin Jinƙai da Horo

Idan ka taɓa zama cikin kwamitin ikilisiya, ko ka riƙe wani muƙami a Zumuntar Mata ko ƙungiyar matasa, ka san irin shirun da kan sauka a ɗaki sa'ad da wani ya miƙe a gaban jama'a ya ce bai yarda da abin da Fada ya yanke ba. Nan take zukata kan rabu biyu. Waɗansu su ce a hore shi domin ya zama darasi ga na baya, waɗansu kuma su ce a bar shi, ai Ikilisiya uwa ce. Kowane ɓangare yana da ayar da zai jawo. Ina so mu auna wannan gardama a kan wani al'amari da ya faru a ƙasarmu, wanda ya kai har teburin Paparoma biyu, ya kuma ɗauki fiye da shekara biyar kafin ƙura ta lafa.

Dayosis ɗin Ahiara yana ƙasar Mbaise, cikin Jihar Imo. An kafa shi a 1987, kuma bishop ɗinsa na farko, Victor Chikwe, ɗan yankin ne. Ya rasu a 2010. A watan Disamba na 2012 Paparoma Benedict na XVI ya naɗa Fada Peter Ebere Okpaleke ya gaje shi. Okpaleke firist ne na dayosis ɗin Awka a Jihar Anambra, masanin dokokin Ikilisiya, kuma Ibo ne kamar mutanen da aka aike shi wurinsu. Amma ba ɗan Mbaise ba ne. Da yawa daga cikin firistocin Ahiara, tare da shugabannin jama'a, suka ce ba za su karɓe shi ba. Aka yi zanga-zanga, aka hana shi shiga babban cocin dayosis. Har keɓe shi a matsayin bishop, a watan Mayu na 2013, sai da aka yi shi a wajen dayosis ɗin, a makarantar horar da firistoci da ke kusa da Owerri. A shekarar nan kuma aka ɗora wa Kadinal John Onaiyekan na Abuja riƙon ƙwarya. Shekara ta bi shekara, bishop yana nan da hularsa da sandarsa, amma bai taɓa zama a kujerarsa ba.

A ranar 8 ga Yuni 2017 Paparoma Francis ya karɓi wata tawaga daga Najeriya, cikinta har da Onaiyekan da Akbishop Ignatius Kaigama, wanda a lokacin yake shugabantar taron bishop-bishop na ƙasar. Maganar da ya yi musu tana da zafi ƙwarai. Ya kwatanta masu tawayen da manoman nan na misalin gonar inabi, waɗanda suka so su ƙwace gādon da ba nasu ba. Ya ce har ya yi tunanin rushe dayosis ɗin ɗungum, sai ya tuna uwa ba ta yar da 'ya'yanta. Sa'an nan ya ba da umarni: kowane firist na Ahiara, ko yana gida ko yana aiki a wata ƙasa, ya rubuto masa wasiƙa shi da kansa, ya nemi gafara, ya bayyana biyayya, ya kuma yarda da bishop ɗin da aka naɗa. Wa'adi kwana talatin. Wanda bai rubuta ba, an dakatar da shi daga aikin firist.

Wasiƙu suka tafi Roma, wajen ɗari biyu. Amma waɗansu daga cikin marubutan, bayan sun furta biyayya, suka ƙara da cewa zai yi musu wuya su yi aiki da wannan bishop bayan duk abin da ya gudana. Ƙofa dai ba ta buɗe ba. A watan Fabrairu na 2018, a farkon lokacin azumi, Okpaleke ya ajiye muƙamin, Paparoma ya karɓa, aka kuma sanar cewa ba za a hukunta kowa ba. Aka miƙa riƙon dayosis ga Bishop Lucius Ugorji na Umuahia.

Tun daga ranar, mutane biyu nake ji suna sharhi a kan wannan labari, kuma ban gamsu da ko ɗaya ba.

Na farko yana cewa Roma ta ji kunya. Ta ɗaga sanda ba ta sauke a kan kowa ba, saboda haka ta koya wa kowane dayosis cewa idan aka taru aka dage, za a yi nasara. Kada ka yi saurin watsar da maganarsa, domin tana da nauyi. Dalilin da aka ƙi Okpaleke bai shafi halinsa ko koyarwarsa ba. Asalinsa aka duba. Mu da muke zaune a Arewa mun san ɗacin kalmar nan "ba ɗan ƙasa ba ne". Mun san yaron da aka haifa a gari, ya girma a gari, amma aka hana shi takardar shaidar ƙaramar hukuma domin kakansa daga wani wuri ya zo. Idan wannan ciwo ya shiga har bagade, to ina za mu gudu? Bangaskiyar da muke riƙe da ita baƙi ne suka kawo mana, mutanen da suka ƙetaro teku, da yawansu kuma a nan aka binne su. Onaiyekan ɗan Kabba ne, ya yi kiwon Abuja. Kaigama ɗan Taraba ne, ya yi shekaru yana Jos kafin a kai shi Abuja. Bishop Matthew Hassan Kukah daga kudancin Kaduna yake, tun 2011 yana Sakkwato. Da a ce kowace ƙabila za ta tsaya sai nata, da rabin kujerun bishop na Arewa babu kowa a kai. A wannan gaɓa ba ni da wata tantama: firist da ya durƙusa ranar keɓewarsa, ya sa hannuwansa cikin na bishop, ya yi alkawarin ladabi da biyayya gare shi da magadansa, ba shi da ikon ya zo daga baya ya ce alkawarin ya tsaya ga 'yan garinsu kaɗai.

Sai dai mai wannan ra'ayi yana mantawa da tambaya ɗaya: da an zartar da hukuncin, me zai biyo baya? Ka ƙaddara an wayi gari an dakatar da yawancin firistocin dayosis guda. Wa zai yi Misa ranar Lahadi? Wa zai kai wa tsohuwa mai jinya Jibin Ubangiji? Ko kuwa, abin da ya fi muni, firistocin su ci gaba da aiki ba tare da izini ba, jama'a su bi su, a haifi tsaga wadda jikoki za su gāda. Afirka ta taɓa ganin irin wannan. A farkon ƙarni na huɗu, a Kartaj, gardama a kan wanda ya cancanci zama bishop ce ta haifi ɓangaren Donatus, kuma fiye da shekara ɗari ana samun gari ɗaya da bishop biyu, bagade biyu, kowa yana zargin ɗan'uwansa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi gaggawar kiran haƙurin Paparoma tsoro ba.

Mutum na biyu yana cewa jinƙai ya yi nasara, a rufe zancen, a gode wa Allah. Shi kuma ina tambayarsa: jinƙai ga wa? Firistoci sun tsira da muƙamansu. Amma akwai waɗanda ba su yi zanga-zanga ba, ba su rubuta wa kowa wasiƙa ba, su ne kuwa suka biya kuɗin rigimar. Akwai ayyukan da hannun bishop ne ke yin su: keɓe sababbin firistoci, tsarkake mai a Makon Tsarki, da kuma, bisa al'ada, ba da sakramentin Ƙarfafawa. Dayosis ɗin da ya rufe wa bishop ɗinsa ƙofa ya taɓa duk waɗannan. Ka tuna da saurayin da ya kammala shekarunsa na horo yana jiran ranar keɓewa, da iyayensa da suka sayar da abin da suka mallaka domin karatunsa. Ka tuna da yaran da suka taso suna jin manya na zagin bishop a bakin coci bayan Misa. Akwai kuma shi Okpaleke kansa, wanda bai roƙi kujerar ba, aka mai da sunansa abin ba'a shekara biyar. Tausayin da ya tsaya ga mai ƙarfin murya, ya tsallake wanda aka danne, bai cika tausayi ba. Sau da yawa abin da muke kira haƙuri a ikilisiyoyinmu gudun fitina ne kawai: shugaba ba ya so a ɓata masa suna, sai ya yi shiru, raunana su ci gaba da ɗaukar kaya.

A ganina babban kuskuren Ahiara ba a ƙarshen labarin yake ba. Yana farkonsa da tsakiyarsa.

Mutanen Mbaise suna da koke, kuma koken ba wofi ba ne. Yankinsu na daga cikin wuraren da suka fi ba Ikilisiyar Najeriya firistoci, 'ya'yansu suna hidima a ƙasashe da dama. Tambayarsu ita ce: cikin dukan waɗannan, babu ko ɗaya da ya isa? Suna kuma ganin cewa wani yanki na ƙasar Ibo ya fi kowa samun kujerun bishop. Ko ganin nasu daidai ne ko kuskure, abin saurare ne. Dokar Ikilisiya da kanta, a ƙa'ida ta 212, ta ba masu bi 'yanci, wani lokaci ma ta ɗora musu nauyi, su bayyana wa makiyayansu ra'ayinsu a kan abin da ya shafi lafiyar Ikilisiya, muddin sun kiyaye bangaskiya da ladabi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya a kan cin abinci da al'ummai, bai kuwa fita daga zumunci ba. Katarina ta Siyena, mace da ba ta riƙe da wani muƙami, ta matsa wa Paparoma Gregori na XI da wasiƙu masu kaifi ya bar Abinyon ya koma Roma, ya kuwa koma a 1377, yau kuma muna kiranta tsarkaka. Saɓani a fili ba shi ne zunubin ba. Inda 'yan Ahiara suka ƙetare iyaka shi ne sa'ad da koke ya zama kulle ƙofa, roƙo ya zama sharaɗi.

Amma tsakanin Disamba 2012 da Yuni 2017 akwai shekara huɗu da rabi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikin wannan dogon lokaci an yi ta aike da lallashi, amma koken bai sami amsar da ta kwantar da zukata ba, tawayen kuma bai gamu da wani horo bayyananne ba. Kowane wata da ya wuce, mutane suna ƙara furta kalmomin da zai yi musu wuya su janye. Firist da ya tsaya a kan mumbari sau hamsin yana cewa ba za a taɓa yarda ba, ta yaya zai koma ya fuskanci jama'ar nan ya ce ya yarda? Da horon ya zo, sai ya zo gaba ɗaya, da mafi girman nauyinsa, a kan kowa da kowa, mai laifi da marar laifi, cikin kwana talatin.

Ka dubi tsarin da Ubangiji ya shimfiɗa a sura ta 18 ta Bisharar Matiyu. Mataki-mataki ne: ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka tafi da shaidu, in ya ƙi a kai gaban taro, sai a ƙarshe a raba zumunci. Abin lura kuma, wannan koyarwa tana zaune tsakanin misalin tunkiyar da ta ɓace da tambayar Bitrus a kan yawan gafara. Dokar Ikilisiya ta bi sawun nan. Ƙa'ida ta 1341 ta sa a fara da gargaɗi na 'yan'uwantaka da tsautawa da sauran hanyoyin kiwo, ta kuma ambaci abu uku da horo yake nema: a mayar da adalci, a gyara mai laifi, a kuma ɗinke ɓarnar da abin tuntuɓe ya yi. Idan ka auna umarnin kwana talatin da wannan ma'auni, za ka ga ya samo takarda, bai samo zuciya ba. Ana iya tilasta wa hannu ya rubuta neman gafara. Tuba kuwa ba ta da wa'adi.

Duk da haka ba zan ce umarnin banza ne ba. Ya yi abu ɗaya mai muhimmanci: ya kira laifin da sunansa. Bayan Yuni 2017 babu wanda zai iya fakewa da cewa Paparoma bai san abin da ake ciki ba, ko kuwa waɗansu ne suka yi naɗin a bayan idonsa. Firistoci wajen ɗari biyu suka sa hannu cewa ikon naɗa bishop na magajin Bitrus ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da an rubuta shi da cizon yatsa.

Akwai wata tambaya da ta fi damuna, ina so kai ma ta dame ka. A watan Janairu na 1997 aka fitar da Fada Tissa Balasuriya, wani dattijon malamin tauhidi na ƙasar Sri Lanka, daga zumuncin Ikilisiya saboda wani littafi da ya rubuta a kan Budurwa Maryamu. Mutum ɗaya ne, hukunci ya sauka a kansa, sai bayan shekara guda, a Janairu 1998, aka sulhunta aka ɗage. A 1979 aka janye wa Hans Küng izinin koyarwa da sunan Ikilisiya, ko da yake an bar shi firist har mutuwarsa. Na san batun waɗannan koyarwa ne, na Ahiara kuwa biyayya ne, ba ɗaya suke ba. Amma mai bi na gari yana iya kallo ya ce: ashe idan kai kaɗai ne sanda takan same ka, idan kuna da yawa sai a kira ku teburin sulhu. Haka yake a ƙananan ikilisiyoyinmu ma. Yarinyar da ta yi ciki ba aure ana dakatar da ita a gaban kowa cikin mako guda, attajirin da ya raba kan kwamiti shekara uku ana gaishe shi da girmamawa.

Tsarkaka Agustin ya san wannan matsala, bai kuma ɓoye ta ba. Tun yana firist a Hippo ya rubuta wa Aureliyus, bishop na Kartaj, a kan shaye-shayen da jama'a ke yi a kaburburan shahidai. Shawararsa ita ce, laifin da ya game taro ba a kawar da shi da kaushi da nuna iko, sai da koyarwa da gargaɗi. Tsanani kuwa a ajiye shi domin laifin mutane kaɗan. Da farko wannan yakan yi kama da rashin adalci. Amma dalilinsa na likita ne. Horo magani ne, kuma yana aiki ne idan jama'ar da ke kewaye da mai laifi suna tare da hukuncin, har ya ji kunya ya yi marmarin komowa. Idan taron duka yana bayansa, fitar da shi ba za ta sa ya ji kaɗaici ba, sai ma ta mai da shi jarumi. Na yarda da Agustin a kan taro. Inda nake ƙara nawa shi ne, idan har za mu yi wa ɗari biyu haƙuri domin ceton rayukansu, to ba mu da hujjar yi wa mutum ɗaya gaggawa don kawai ba shi da magoya baya. Mutumin nan na Koranti da Bulus ya umarta a fitar shi kaɗai ne, amma a wasiƙa ta biyu, sa'ad da yake magana a kan wani da aka hora, manzon ya roƙi jama'a su gafarta masa su ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. (Shi Agustin ɗin ma, sai a faɗi gaskiya, daga baya ya goyi bayan hukuma ta matsa wa mutanen Donatus, abin da har yau ake tuhumarsa a kai. Manyan malamai ma sun yi tuntuɓe a wannan hanya.)

Shi Paparoma Francis, wanda duniya ta sani da wa'azin jinƙai, shi ne a 2021 ya sabunta sashen hukunce-hukunce na dokar Ikilisiya, yana gargaɗin cewa makiyayin da ya ƙi yin horo inda ya wajaba ya gaza a aikinsa, kuma sakacin nan ya jawo ɓarna mai yawa. Wanda ya tuna yadda aka yi ta rufa wa masu lalata da yara asiri da sunan tausayi ya san abin da ake nufi. Saboda haka kada kowa ya ɗauki ƙarshen Ahiara a matsayin izinin yin shiru a kan kowane laifi.

Abin da ya warware ƙullin a ƙarshe bai fito daga masu horo ba, bai kuma fito daga masu tawaye ba. Wanda aka zalunta ne ya sauka. Okpaleke yana da doka a bayansa, yana da Paparoma biyu a bayansa, ya ajiye haƙƙinsa domin ya ga zamansa ba zai amfani rayukan da aka ba shi amana ba. Wannan ma yana da tushe a Afirka: gab da taron Kartaj na shekarar 411, bishop-bishop na Katolika sun nuna a shirye suke su raba kujerunsu da 'yan'uwansu na ɓangaren Donatus, ko ma su sauka, in hakan zai dawo da haɗin kai. Ina jin nauyin yabon wannan mataki fiye da kima, domin akwai haɗari a koya wa mutane cewa kullum wanda aka cuta ne zai ja da baya. Amma bambancin a bayyane yake: shi ya zaɓa, a matsayin makiyayi, kuma hukuncin cewa an yi masa laifi ya riga ya fito daga bakin Paparoma, ba a janye shi ba.

A watan Maris na 2020 aka yanki sabon dayosis na Ekwulobia daga Awka, aka naɗa Okpaleke bishop ɗinsa na farko. A ranar 27 ga Agusta 2022 Paparoma Francis ya ɗora masa jar hular Kadinal. Waɗansu sun karanta wannan a matsayin amsar Roma ga Ahiara, amsar da ba ta dakatar da firist ko ɗaya ba.